Jarumi mai tambarin Alhaji a ƙirji: yadda ta kaya tsakanin masu katun na Samaru da mai ruwan leda

Wannan bayani ne a kan wata taƙaddama da ta shiga tsakanin wasu matasa uku masu haɗa katun a nan Samaru ta Zariya da wani Alhaji mai kamfanin ruwan leda da ya ɗauki nauyinsu. Ba zan kama sunan kowa ba, dukkansu suna nan suna harkokinsu kuma har yau ana gaisawa. A shagona na buga fosta da katin biki yaran ke zama su yi aiki in an kawo wuta, toh kusan komai a gabana aka yi. Na ga ya kamata a rubuta shi saboda yanzu yara da yawa sun shiga harkar nan, daga Kongo zuwa Tudun Wada zaka ga yaro da waya yana motsa zane, kuma duk wanda ya daɗe a ciki sai ya iso inda waɗannan suka iso, wato neman mai zuba kuɗi.

Su ukun, ɗaya shi ke zane, ya gama karatun zane-zane a ABU, ɗaya shi ke motsa zanen a kwamfuta da wata manhaja Blender, ta ukun ƙanwar mai zanen ce, ita ke rubuta labari kuma ita ke yin muryar yara da mata. Dabarar da suka taho da ita daga wani katun ɗin Japan suka samo ta, Tiger & Bunny, wanda kamfanin Sunrise ya fitar a 2011, kashi 25, daga baya a 2022 aka saki zango na biyu a Netflix. Dole in ɗan tsaya a kansa don in ba a fahimci yadda aka gina shi ba, ba za a gane inda yaran namu suka yi tuntuɓe ba.

A cikin labarin akwai wani birni Stern Bild, akwai mutanen da aka haifa da baiwa ta musamman ana ce musu NEXT, wasu daga cikinsu sun zama jarumai masu kama ɓarayi da ceton jama'a, amma fa aikin albashi suke yi, kowane jarumi akwai kamfanin da ya ɗauke shi, rigarsa cike da tambarin masu talla, kuma duk abin da suke yi ana haska shi kai tsaye a wani shiri Hero TV, ana ba su maki, wanda ya kama ɓarawo ya samu maki kaza wanda ya ceci mutum ya samu kaza, ƙarshen zango a naɗa wanda ya fi maki sarkin jarumai. Babban jarumin labarin Kotetsu, wanda ake kira Wild Tiger, ya fara manyanta, matarsa ta rasu, 'yarsa na gida wajen mahaifiyarsa, ƙarfinsa minti biyar kawai yake yi sai ya jira awa guda kafin ya dawo, kuma kullum cikin faɗa yake da masu shirin saboda shi in ya ga mutum cikin hatsari ba ruwansa da kyamara balle maki, sai ya fasa gini a turo wa kamfani takardar diyya. Aka haɗa shi da wani matashi Barnaby wanda shi kuma ya iya lissafin maki kamar ɗan kasuwa.

Abin da ya ja hankalin yaran namu shine tamburan da ke jikin rigunan na gaske ne. Kamfanin waya SoftBank na ƙirjin Wild Tiger, kamfanin kayan wasan yara Bandai na jikin Barnaby, Pepsi na jikin wata jaruma Blue Rose. Wato kamfanoni sun biya aka sa sunansu a cikin katun, kuma mai kallo bai ji an katse masa labari da talla ba tunda labarin kansa na jarumai masu talla ne. Yaran suka ce ai shikenan, ga maganin matsalar kuɗi, mu yi namu na Hausa, jarumai a cikin Zariya suna tsalle daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila, kowa da ɗan kasuwar da ya saya masa riga.

Kuma matsalar kuɗin ba wasa bace. Wanda bai taɓa ganin ana haɗa katun ba yana ɗauka abu ne na yara, alhali daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, ko an yi dabarar ragewa ana maimaita kowane zane sau biyu sai an yi 12, lissafa minti bakwai na kashi ɗaya ka gani. Ga wuta da ba ta zama, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kwamfuta na tsakiyar haɗa hoto a ɗauke wuta a koma farko. YouTube kuma galibi ba sa fara raba kuɗin talla da kai sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko ka kai ɗin ma, tun Janairun 2020 duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne an hana shi tallan da ke bin diddigin mai kallo, an rufe wajen sharhi, kuɗin da ke shigowa ya ragu. Ke nan mai katun ɗin yara da Hausa in ya ce zai jira YouTube yunwa zata kashe shi kafin ya ga kwabo.

Suka samu mutum biyu. Wata Hajiya mai gidan burodi ta ɗauki jaruma mace, ta ba da ɗan abin da ta bayar, sharaɗinta ɗaya kawai, kalar ledar burodinta ta fito daidai. Sai shi Alhajin ruwa, shi ya ba da kaso mafi tsoka, ya ɗauki babban jarumi wanda ke harba ruwa da hannu. A ofishinsa aka yi magana, da baki, aka sha lemo aka yi addu'a, ya ba da rabin kuɗin haɗa kashi huɗu na katun ɗin ya ce sauran in an gama. Ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Mai motsa zane ya ƙara da bashi ya sayi laftof mai ɗan ƙarfi da batir.

Kashi na 1 da na 2 sun tafi lafiya lau. Jarumin ruwa ya kashe gobara a wata kasuwa, ya kama ɓarawon babur, bidiyon ya zagaya a WhatsApp da TikTok, yaran unguwa in za su sayi ruwa sai su ce a ba su na jarumi. Alhaji ya ji daɗi sosai har ya sa a buga masa fostar jarumin a manna a motocinsa na rabon ruwa, ni na buga.

A kashi na 3 aka samu matsala. Yarinyar ta rubuta labarin damina. An tafka ruwan sama, kwata ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, wani ƙaramin yaro ya faɗa cikin lambatu. Jarumi ya iso da masu kyamara a bayansa, sai dai ƙarfinsa na harba ruwa ne, a wajen ambaliya kuwa ƙarin ruwa ba ya da amfani, ya zame ya faɗi cikin taɓo. Wani ɗan garuwa da ya zo wucewa shi ya kwantar da kurarsa a bakin lambatun ya miƙa igiya ya jawo yaron. Amma da aka haska a talabijin ɗin cikin labarin sai manajan kamfani ya sa aka yanke ɗan garuwan aka ba jarumi maki, shi kuma jarumin abin ya hana shi barci, ƙarshe ya je ya nemi ɗan garuwan ya yi masa godiya a gaban jama'a. Kuma da aka buɗe kwatar, abin da ya toshe ta ledojin ruwa ne da aka sha aka yar.

Wallahi ni da na karanta na ce wannan ne kashi mafi kyau da suka taɓa yi. Amma mai zane ya tura wa Alhaji zanen gwaji ta WhatsApp don ya burge shi, da daddare sai ga kira. Washegari ya aiko a kira su, suka roƙe ni in raka su.

Bai ɗaga murya ba. Ya kalli mai zane ya ce, "Ɗana, kuɗina na ba ku ku yi min talla ko ku tona min asiri? Ga tambarina cikin taɓo, ga ledata ta toshe kwata, ga manajana maƙaryaci, wa zai ƙara sayen ruwana?" Sai ya kawo buƙatunsa. Jarumi ba zai faɗi ba, ko yau ko gobe. A cire ledoji. A mayar da ɗan garuwa ya zama shine mugun labarin, mai kawo ruwan rijiya da ke sa yara ciwon ciki. Sannan a ƙarshen kowane kashi jarumi ya ɗaga leda ya ce wannan ruwa yana maganin taifot. In ba haka ba ba sauran kuɗi, kuma su nemi na farkon su dawo masa da shi.

Yarinyar ta ce, "Alhaji ka yi haƙuri, mutumin da ke kawo mana ruwa gida tun ina firamare ɗan garuwa ne, ba zan iya rubuta shi mugu ba." Yayanta ya harare ta, muka yi sallama muka fito.

A shago rigima ta dawo tsakaninsu. Mai motsa zane ya ce shi bashi ne a kansa, a yi wa Alhaji abin da yake so a karɓi kuɗi, in sun yi ƙarfi sa yi labarin da suke so. Ita ta ce in aka yi haka ta fita. Yayan yana tsakiya, ya kasa cewa komai, sai zane yake a takarda yana gogewa. Kuma ban ga laifin mai motsa zanen ba, wanda bai taɓa kwana da bashi ba ne zai ce masa maci amana.

Yanzu bari in faɗi yadda na fahimci lamarin. Alhaji ba azzalumi bane. Mutum ne da ya san talla iri ɗaya tak, irin wadda ake sakawa a rediyo ko a tsakiyar fina-finan Hausa na YouTube, ka biya a yabi kayanka daga farko har ƙarshe. A wajensa kamar maroƙi ne ka yi masa kyauta ya wasa ka, ba a taɓa jin wanda ya karɓi kuɗinka ya tashi a taro ya faɗi aibinka ba. Shi ya ɗauka katun ɗin gaba ɗaya ya saya. Su kuma yaran a ransu fili kawai suka sayar masa a ƙirjin jarumi. Ba wanda ya yaudari wani, kowa ya tashi daga ofishin nan da ciniki daban a kansa, kuma babu takardar da za a koma a duba.

Amma akwai abin da ya fi rashin takarda, kuma shine ainihin inda yaran suka kwafi rabi suka bar rabi. A katun ɗin Japan ɗin nan kamfanoni iri biyu ne. Kamfanonin da ke ɗaukar jarumai aiki a cikin labari, irin su Apollon Media da Poseidon Line da Titan Industry, duk na ƙirƙira ne, babu su a duniya. Su ne ke matsa wa jarumai, su ne ke damuwa da yawan masu kallo fiye da rayukan mutane, har ma babban mugun zangon farko shugaban Apollon Media ne da kansa, wanda ya haɗa baki da masu laifi don shirin ya samu karɓuwa. SoftBank da Pepsi da Bandai kuwa suna nan a jikin riga kawai, ba su da manaja a cikin labari, ba sa magana, ba sa ba da umarni. Saboda haka marubucin ya samu damar caccakar harkar talla son ransa ba tare da ƙurar ta taɓa wanda ya biya kuɗi ba. Yaran namu sai suka haɗe biyun wuri guda. Kamfanin Alhaji da sunansa na gaske shine ubangidan jarumi a cikin labari, ofishin da aka zana ma ya yi kama da nasa har da kalar labule. To in manajan wannan kamfani ya yi ƙarya a katun, a idon mutanen Sabon Gari manajan Alhaji ne ya yi ƙarya, kuma mutum ne da kowa ya sani yana zuwa masallaci. A nan Alhaji ya fi su gaskiya nesa ba kusa ba.

Shi ya sa da muka zauna na ce musu kar a ɗauki buƙatun nan a dunƙule a ce ko a karɓa ko a ƙi, a warware su ɗaya bayan ɗaya don ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta maganin taifot ita ce mafi sauƙi, don ba ma ta ra'ayi bace. Lambar NAFDAC da ke jikin leda tana nuna an yi wa ruwan rajista a matsayin abin sha, ba ta mayar da shi magani ba, kuma tun dokar 2022 da ta kawo hukumar kula da talla ARCON a madadin APCON ana buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet. In aka ce ruwa na warkar da cuta, wanda za a fara nema mai kamfani ne. Bar ma hukuma, uwa ce zata ji a bakin jarumin da ɗanta ke so, yaro na zazzaɓi ta tsaya ba shi ruwan leda maimakon ta kai shi asibiti. Wannan ko nawa za a biya bai kamata a yi ba.

Ta ɗan garuwa ma haka. A garin da unguwanni da yawa sun shekara ba su ga ruwan famfo a kai a kai ba, mutanen nan da ke tura kura da jarkoki cikin rana su ne ke riƙe da gidaje. Eh akwai ruwa mara tsabta, ana iya yin kashi guda a kan tafasa ruwa da wanke jarka, amma a ɗauki talaka mai neman halal a mayar da shi dodo a idon yara don a sayar da leda, wannan cin zali ne, kuma 'ya'yansu ma suna kallon katun ɗin a wayar maƙwabta.

Faɗuwar jarumi ita ce muka fi daɗewa a kai. Alhaji na ganin faɗuwa zubar da mutunci ne. Ni kuma da muka koma wajensa na ce masa, "Ranka ya daɗe, jikokinka da suke kallon kashi na 1 da na 2, sun sake neman a kunna musu?" Ya ce sun kalla dai. Na ce jarumin da ba ya faɗuwa ba a jin tsoro a kansa, in ba a ji tsoro a kansa ba ba a ƙaunarsa, kuma shi wancan na Japan da aka kwaikwayo abin da ya sa mutane suka riƙe shi shine ƙarfinsa ma raguwa ya riƙa yi a rabin labarin na biyu, yana ɓoye wa abokin aikinsa, yana tunanin ajiye aikin ya koma wajen 'yarsa, kuma duk wannan da tambarin kamfanin waya a ƙirjinsa. Bai gamsu gaba ɗaya ba amma ya yi shiru, wanda a wajen Alhaji ba ƙaramin abu bane.

Ledoji kuwa gaskiya ce mai ɗaci, kowa ya leƙa kwata a PZ ko bakin kasuwa bayan ruwan sama ya san abin da ke ciki. Sai dai babu dalilin da zai sa a ce ledar mutum ɗaya ce, na kamfanoni barkatai ne da baƙar leda da robar lemo.

Da taimakon wani dattijo abokin Alhaji wanda yaran ke kira Baba aka kai ga matsaya. An ƙirƙiro wani kamfani na ƙarya a cikin labari, shi ne ubangidan duk jaruman, manajan ya koma can, aka canza masa kamanni aka canza ofis. Tambarin Alhaji ya tsaya a ƙirji da kan fosta kawai. Jarumi ya faɗi, amma ta baya, taɓo bai rufe tambari ba. Shara ta fito a kwata ba sunan kowa a jiki, kuma a ƙarshen kashin an nuna jarumi da ɗan garuwa da yaran unguwa suna yashe ta tare. Maganar taifot an bar ta. Gyaran nan ya ci musu kusan rabin aikin da suka riga suka yi, mai motsa zane ya yi ta ƙunƙuni amma ya yi.

Alhaji ya cika alkawari ya biya sauran kuɗin bayan kashi na 4, sannan ya ce ba zai sabunta ba, ya fi gane tallar rediyo inda abin da ya ce shi za a faɗa. Wannan haƙƙinsa ne. Asara ce ga yaran ba kaɗan ba, don Hajiyar burodi ita kaɗai ba zata iya ɗaukar minti bakwai ba, dole suka rage kowane kashi zuwa minti uku kuma tazarar fitowa ta ƙaru. Bashin laftof an biya mafi yawansa, da saura.

Abin da suka canza shine yanzu suna da takarda shafi ɗaya da Hausa, yarinyar ce ta rubuta, duk mai son sa tambari sai an karanta masa kafin ya ba da ko sisi. Ta ce abin da ka saya fili ne a riga da ambaton sunanka a farko da ƙarshe, sunan kamfaninka ba zai shiga cikin labari ba ko da alheri ko da sharri, za a nuna maka zanen rigar ka amince amma ba za a nuna maka labari don ka gyara ba, jaruminka zai iya faɗuwa zai iya kuskure amma ba zai yi abin kunya ko saɓon addini ba, ba za a ce kayanka na maganin wata cuta ba, kuma in ka janye a tsakiya kuɗin aikin da aka riga aka yi ba ya dawowa. Suna kuma danna alamar da YouTube ta tanada ta cewa akwai tallar da aka biya a cikin bidiyo.

Wani mai shagon gyaran waya ya ji sharuɗɗan ya ce shi ba zai ba da kuɗi a kayar masa da jarumi ba, ya tafi. Wani mai sayar da litattafan makaranta a Sabon Gari ya sa hannu, ya roƙi abu ɗaya, wai a sa jaruminsa ya zama mai sa tabarau. Shi suke zanawa yanzu don kashi na 6, kuma ɗan garuwan ya zama ɗan wasa na dindindin saboda shi yara suka fi tambaya.